Majami'ar unguwar Clapham: makaranta, bauta, da hanyar da ta biyo har Kance

A kudu maso yammacin birnin Landan, kamar kilomita 6 daga tsakiyar gari, akwai wata unguwa da ake rubuta sunanta Clapham, ana furtawa Kilapam. A tsakiyarta akwai wani babban fili na jama'a mai ciyawa da itatuwa, faɗinsa ya kusa hekta 90. A kusurwar filin, ta arewa maso gabas, akwai wata majami'a da aka gina da bulo, mai ɗan ƙaramin hasumiya da agogo. Sunanta Holy Trinity. Wanda ya ga hotonta ba zai ce komai ba, don Ingila cike take da majami'u da suka fi ta girma da ado. Tarihinta nake so in kawo wa malamai ƴan uwana da iyayen yara, saboda abin da mutanen wannan unguwa suka ƙulla shekaru fiye da 200 da suka wuce ya shafi tambayar da muke yi kullum a lakwal da cikin gida: wa ke da makarantar unguwa, kuma me ake so yaro ya zama in ya fito? Sannan ga wani abu da ba kowa ya sani ba: haruffan da nake rubutu da su yanzu suna da alaƙa da wannan ginin, kuma akwai wani yaro ɗan ƙasar Kance cikin labarin.

Mu a nan Nijar mun fi sanin Katolika da kuma mishan na SIM, masu asibitin Galmi. Angilikan ba su da yawa wurinmu, sai an ƙetara Najeriya. Ɗarika ce da ta samo asali a 1534, lokacin da sarkin Ingila Henry na 8 ya raba gari da Paparoma ya ce shi ne shugaban majami'ar ƙasarsa. Tun daga nan ta zama majami'ar gwamnati, har yau sarki ne ke bisa kanta, kuma bishop 26 na da kujera a majalisar dattawa. Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu shi ne yadda aka raba ƙasar. Kusan kowane taƙi na Ingila yana cikin yankin wata majami'a, abin da masu Faransanci ke kira paroisse. Kowane yanki da ɗakin ibadarsa da limaminsa. Kuma a da, wannan yanki shi ne ƙaramar hukuma. Tun 1538 aka tilasta wa kowane limami ya riƙe littafin da zai rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, duk wanda ya yi aure, duk wanda aka rufe. Dokar 1601 kuma ta ɗora wa kowane yanki nauyin talakawansa: masu gida su biya haraji, a ciyar da gajiyayyu da marayu. Gyaran hanya da tsaron dare ma a taron majami'a ake shawararsu. Wato aikin da mu muka raba tsakanin liman, mai unguwa da ofishin magajin gari, su a wuri guda yake.

Littafin nan na sunaye yana burge ni, ba zan ɓoye ba. Duk malamin da ya taɓa neman takardar haihuwar ɗalibi ana gab da jarrabawa, uba na cewa shekarar fari aka haife shi, uwa na cewa a'a, bayan rasuwar kakansa ne, ya san darajar mutum guda a unguwa da aikinsa shi ne ya rubuta suna da rana. Gwamnatin Ingila ba ta karɓi wannan aiki da kanta ba sai a 1837, kusan shekara 300 bayan limamai sun fara.

A ƙarni na 18 Clapham ƙauye ne, gonaki ke tsakaninsa da Landan. Amma attajiran birni, ƴan kasuwa da masu banki, sun gaji da hayaƙi da cunkoso, suka riƙa gina manyan gidaje kewaye da filin. Da safe mutum ya hau keken doki ya tafi ofis, da marece ya komo. Tsohuwar majami'ar ƙauyen ta lalace, ta yi kaɗan, kuma ta yi nisa da inda masu kuɗi suka zauna. Sai suka nemi izinin majalisar dokoki a 1774, aka ba wani magini mai suna Kenton Couse aikin, aka buɗe sabon ginin a 1776. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da bene ta ciki a gefe uku, an yi shi don kowa ya ji mai wa'azi. A 1812 aka ƙara rumfa mai ginshiƙai a ƙofa, don masu sauka daga keken doki kada ruwan sama ya jiƙa su. Wannan rumfa kaɗai ta isa ta gaya maka su wa aka yi ginin dominsu. Ciki ma haka: kujeru na haya ne, iyali ya biya kuɗin shekara a ba shi wurinsa mai ƙaramar ƙofa, barori da talakawa su zauna inda aka bar musu. Duk wanda ya shiga ya san arzikin kowa daga inda ya zauna.

Shekarar da labarin ya canza ita ce 1792. A ita ne aka naɗa John Venn limamin majami'ar, kuma a ita ne wani matashi mai banki, ɗan majalisa, Henry Thornton, ya sayi gida a gefen filin. Ɗan uwansa kuma abokinsa William Wilberforce, shi ma ɗan majalisa, ya zo ya zauna tare da shi. Sannu a hankali wasu suka biyo: Charles Grant na kamfanin da ke mulkin Indiya, lauya James Stephen wanda ya ga bauta da idonsa a tsibiran Karibiyan, John Shore wanda ya yi gwamnan Indiya, da Zachary Macaulay wanda ya taɓa zama mai lura da bayi a wata gona a Jamaika kafin zuciyarsa ta juya. Ba su kafa jam'iyya ba, ba su da kati, ba su da sakatare. Maƙwabta ne da ke haɗuwa ranar Lahadi a majami'a guda, suna shiga gidajen juna ta lambu, suna auren ƴan uwan juna, suna kwana suna shawara a ɗakin karatun Thornton. Abokan hamayyarsu a majalisa sun riƙa yi musu ba'a suna ce musu waliyyai. Sunan da aka san su da shi yau, ƙungiyar Clapham, sai a 1844 ya fito, bayan yawancinsu sun mutu.

Babban abin da duniya ta san su da shi shi ne yaƙi da cinikin bayi. Wilberforce ya fara kawo maganar majalisa a 1789. A 1791 aka kada shi, ƙuri'a 163 da 88. Ya sake kawowa, aka sake kada shi, haka shekara bayan shekara. Abin da ya riƙe su, a ganina, rabon aiki ne irin na mutanen da suka san juna ciki da waje. Wilberforce ke da baki. Thornton ke da kuɗi, kuma an san cewa kafin ya yi aure yana kyautar da mafi yawan abin da yake samu a shekara. Macaulay ke da takardu, mutum ne da zai zauna ya karance rahotannin gonakin bayi ya fitar da adadi. Stephen ke da dabarar shari'a, shi ya tsara dokar 1806 da ta hana jiragen Ingila kai bayi ƙasashen da ke hannun abokan gaba, aka gabatar da ita tamkar dokar yaƙi da Faransa, ta wuce ba hayaniya, ta kuma karya babban kaso na cinikin. A watan Fabrairun 1807 majalisa ta haramta cinikin gaba ɗaya, ƙuri'a 283 da 16. Ita kanta bautar sai a 1833 aka yi dokar soke ta, Wilberforce ya mutu a watan Yulin shekarar, kwanaki kaɗan bayan an tabbatar masa dokar za ta wuce.

Littattafan Turawa na da sukan tsaya nan, kamar mutum goma ne suka ƴanta bayi suna zaune a gefen fili. Malamin tarihi bai kamata ya koyar da shi haka ba. Thomas Clarkson, wanda ya zagaye tashoshin jiragen ruwa yana tattara shaida, ba ɗan unguwar ba ne. Ƴan ɗarikar Kwaka sun riga su fara. Olaudah Equiano, wanda shi kansa aka taɓa sayar da shi, ya buga tarihin rayuwarsa a 1789 ya bi gari gari yana magana. Mata a gidaje sun daina sayen sukarin da bayi suka noma. Bayin da kansu sun tashi, a Haiti tun 1791, a Jamaika a 1831, kuma tsoron wannan tashin ya yi aiki a zukatan ƴan majalisa fiye da wa'azi. Da aka zo ƴantawa kuma, fam miliyan 20 gwamnati ta biya diyya, ga masu bayin, ba ga bayin ba. Mutum kusan 800,000 da aka ƴanta ba su sami ko sisi ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki wa iyayengijinsu na da har 1838.

Akwai wani abu kuma da ya fi ba ni mamaki. A gefen wannan fili dai, cikin mutanen wannan majami'a dai, akwai George Hibbert, babban ɗan kasuwar Jamaika, mai bayi, ɗan majalisa, ɗaya daga cikin waɗanda suka tashi a 1807 suka yi magana don a bar cinikin. Liman guda ke yi musu wa'azi shi da Wilberforce. Littafi guda ake karanta musu. Wanda ke zaton ɗakin ibada kan mai da mutanensa abu guda, ya dubi wannan.

Amma aikin da ya fi kusa da namu shi ne wanda John Venn ya yi a cikin unguwar, wanda ba a cika faɗa ba. Ya iske makarantar sadaka da yankin ke da ita tun 1648, ya faɗaɗa ta. A 1799 ya kafa ƙungiyar kyautata halin talakawan Clapham. Aka raba unguwar kashi kashi, kowane kashi da masu ziyara da ke shiga gida gida, su ga wa ke ciwo, wa ba shi da aiki, wane yaro ba ya zuwa makaranta, su komo su ba da bayani. Lokacin da likita Edward Jenner ya fito da lambar rigakafin agana a ƙarshen ƙarnin, mutane na gudu suna cewa daga jikin saniya aka ɗebo ta, Venn na cikin limaman da suka tsaya a yi wa mutanen yankinsu. Mu da muka ga yadda kalmar liman guda ke buɗe ƙofofin unguwa ga masu rigakafi, ko ta rufe su, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

To sai dai taimakon nan yana da sharaɗi. Masu ziyara ba yunwa kaɗai suke dubawa ba, suna duba hali. Mai shan giya, mai ƙin zuwa majami'a, wanda aka ga kamar malalaci ne, yana iya rasa rabonsa. Haka ma makarantun. Hannah More, marubuciya, abokiyar tafiyar mutanen Clapham, ta buɗe makarantu ga ƴaƴan talakawa a yammacin Ingila daga 1789, da kuɗin Wilberforce da Thornton. Ana koya wa yara karatu, da saƙa da ɗinki, amma da gangan ba a koya musu rubutu. Dalilin a fili yake: yaro ya iya karanta littafin addini da umarnin maigida, ya isa. In ya iya rubutu zai rubuta ƙorafi, zai nemi aikin da ya fi na ubansa. Wilberforce da kansa, mai kukan bayin Jamaika, ya goyi bayan dokar 1799 da ta hana ma'aikatan Ingila haɗa kai su nemi ƙarin albashi. Masu sukarsa a lokacin sun ce tausayinsa ya fi kaifi ga wanda ke nesa. Ina ganin akwai gaskiya cikin sukar, ko da yake ba ta share abin da ya yi ba. Na daɗe ina tunanin wannan zance na karatu ba rubutu, don har yau yana nan cikin wata kama. Uban da ke cewa yarinya ta iya karanta saƙon waya da lissafin kuɗin cefane, shi ke nan, ta komo gida, ra'ayin Hannah More yake maimaitawa bai sani ba.

Yanzu ga inda hanyar ta nufo mu. Mutanen Clapham ne suka kafa kamfanin da ya gina Freetown a Saliyo a 1792, don zaunar da bayin da aka ƴanta. Thornton ne shugaban kamfanin, Macaulay ya yi gwamna can. Da zai komo a 1799 ya taho da yara fiye da 20, yawancinsu maza, wasu ƴaƴan sarakuna da ƴan kasuwa na gaɓar teku, aka buɗe musu makaranta a Clapham ƙarƙashin wani malami mai suna William Greaves. Niyyar ita ce su yi karatu da sana'a, su koma su zama malamai da shugabanni a ƙasarsu. An yi wa wasunsu baftisma a Holy Trinity a 1805. Amma sanyi da cututtukan Ingila sun yi musu illa, da dama suka mutu can, nesa da iyayensu, makarantar ta watse a 1806. Iyaye su tsaya kan wannan kaɗan. Mutanen da suka ɗauki yaran ba mugaye ba ne, sun yi imani alheri suke yi. Sun dai ɗauka cewa ilimi wani abu ne da sai an cire yaro daga gida an kai shi inda yake.

A wannan shekara ta 1799, ranar 12 ga Afrilu, John Venn ya shugabanci wani taro a Landan inda aka kafa ƙungiyar mishan da daga baya aka sani da CMS. Thornton ne ma'ajinta na farko. Bayan 1807 jiragen yaƙin Ingila suka riƙa tare jiragen bayi a teku suna sauke mutanen a Freetown, garin ya cika da harsuna: Yarbawa, Ibo, Nufawa, Barebari, da Hausawa. Cikin waɗanda aka sauke a 1822 akwai yaro Bayarabe wanda ya zama Samuel Ajayi Crowther. Cikin ma'aikatan CMS a can kuma akwai wani Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya koyi Hausa daga bakin Hausawan da aka ƴanta. Shi da Crowther suka bi ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841, kuma a 1843 Schön ya buga littafinsa na farko na kalmomin Hausa. Wani abokin aikinsa, Koelle, ya yi wa Barbarci irin wannan aiki a 1854.

A nan ne ƴaƴan unguwar biyu suka rabu, kuma rabuwarsu ita ce gardamar da ba mu gama ba har yau a ma'aikatar ilimi. Ɗan Zachary Macaulay, Thomas Babington Macaulay, ya tashi a Clapham, ya ma fara karatu wurin Greaves, malamin yaran Saliyo. Da ya girma ya tafi Indiya, a 1835 ya rubuta wa gwamnati shawarar da ta yi suna, cewa a daina kashe kuɗi kan koyarwa da Larabci da Sanskirit, a koyar da Ingilishi, a samar da wani rukuni na ƴan ƙasa masu tunani irin na Bature da za su tsaya tsakanin masu mulki da talakawa. Ya raina dukan littattafan Indiya da na Larabawa alhali ba ya jin harsunansu. Duk wanda ya yi lakwal a zamanin da ake rataya wa yaro alama a wuya don ya yi Hausa a cikin aji ya san wannan tunani, ko da yake mu ta hannun Faransa ya zo mana.

Ɗan John Venn kuwa, Henry Venn, an haife shi a Clapham a 1796, ya riƙe sakatariyar CMS daga 1841 har shekara talatin da wani abu. Shi ra'ayinsa shi ne majami'ar Afirka ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗu da kanta, Bature ya gama aikinsa ya janye. Shi ya tsaya tsayin daka har aka naɗa Crowther bishop a 1864. Kuma tun da yana so kowa ya karanta littafi da harshen uwarsa, a 1848 ya fitar da ƙa'idojin rubuta harsunan Afirka da haruffan Rumawa, daga baya ƙungiyar ta ɗauki tsarin wani masani Bajamushe, Lepsius. Kada a yi mini mummunar fahimta: manufarsa yaɗa addininsa ce, bai ɓoye ba, kuma Hausa ba ta jira shi ba kafin ta zama harshen rubutu. Malamanmu suna rubuta waƙoƙi da wasiƙu da ajami tun kafin a haifi Schön. Amma boko, wannan da ke gabanka, daga wancan reshe ya tsiro.

Yaron Kance fa? Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Yana ƙarami aka kama shi, aka bi da shi ta Damagaram har Kukawa ta Barno, aka sayar. Wani matafiyi Bajamushe, Adolf Overweg, ya fanshe shi. Da Overweg ya mutu a 1852, Dorugu da abokinsa Abbega suka bi Heinrich Barth, har Tumbuktu, sannan suka ƙetare Sahara suka isa Landan a 1855. Can Schön ya same shi. Yaron ya zauna gidansa shekaru, yana ba shi labarin garinsu, da yadda aka kama shi, da tatsuniyoyi, da abin da ya gani na al'adun Turawa a teburin cin abinci, Schön na rubutawa. Nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, duk akwai bakin Dorugu a ciki, amma sunan Schön ne a bango. Ya komo ƙasar Hausa a 1864, ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya koyar a makarantar Ɗan Hausa, ya rasu a 1912. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka shigo, ƴ kuwa mu ne a Nijar muka riƙe ta. Ni dai ina ganin ya kamata kowane ɗalibi a jihar Damagaram ya san sunan Dorugu kafin ya san na Barth.

Ita unguwar ba ta tsaya yadda take ba. Wilberforce ya tashi a 1808, Venn ya mutu a 1813, Thornton a 1815. Dokar 1834 ta ɗauke kula da talakawa daga hannun yankunan majami'u ta ba wasu hukumomi na dabam. A 1868 aka daina tilasta wa mutane biyan harajin gyaran majami'a. A 1870 gwamnati ta fara gina makarantunta. Jirgin ƙasa ya zo, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso filin a 1900, attajirai suka ƙara gaba, aka rushe yawancin manyan gidajen aka jera ƙanana ga ma'aikatan ofis. Landan ta haɗiye ƙauyen. A cikin majami'ar aka cire kujerun nan masu ƙofa a 1875. A yaƙin duniya na biyu bama-bamai suka lalata ginin, aka gyara shi bayan yaƙi.

A 1948 wani abu ya faru da ya kamata ya sa mutanen majami'ar tunani. Jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya kawo ɗaruruwan ƴan Karibiyan, jikokin bayin da aka yi gardama kansu, sun zo neman aiki. Fiye da 200 daga cikinsu, da ba su da masauki, an kwantar da su a wani ramin fakewa daga bom da ke ƙarƙashin ƙasa a kudancin wannan fili na Clapham. Daga nan da yawa suka zauna a Brixton, unguwar da ke maƙwabtaka. Yawancinsu Kirista ne, da yawa Angilikan ne tun daga gida, amma a majami'u da dama na Ingila an nuna musu ba a son su. Sai a 2020 babban taron majami'ar ya nemi gafara kan haka. A 2023 kuma hukumar da ke riƙe da dukiyar majami'ar ta amince cewa wani kaso na asalin dukiyar yana da alaƙa da kamfanin da ya yi cinikin bayi, ta ce za ta ware fam miliyan 100 saboda haka.

Yau Ingila ba ƙasar masu zuwa majami'a ba ce. A ƙidayar 2021 waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales sun sauka ƙasa da rabi, karo na farko, kashi 46 cikin 100. Gwamnati ba ta biyan limamai albashi, masu zuwa ibada ne da dukiyar majami'ar ke ɗaukar nauyi. Duk da haka tsarin yankin bai mutu ba. Wanda ke zaune a yankin, ko ba ya zuwa ibada, yana da haƙƙin a ɗaura masa aure a majami'ar yankinsa in ya cika sharuɗɗan doka. Wakilai biyu da ke kula da ginin da kayansa, duk shekara ake zaɓensu, kuma duk mazaunin yankin da ke cikin rajistar zaɓe na iya zuwa ya jefa ƙuri'a, ko Musulmi ne, ko ba shi da addini. Majami'u da yawa sun zama wurin rabon abinci ga marasa ƙarfi, wurin kwanan marasa gida lokacin sanyi, wurin da uwaye ke haɗuwa da ƙananan yaransu a ranakun aiki.

Makarantu kuma suna nan. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun firamaren Ingila na majami'ar Angilikan ne, amma gwamnati ke biyan malamai, yara ba sa biyan kuɗi, tsarin karatu na ƙasa ake bi, masu duba makarantu na gwamnati ke shiga. Majami'a na da kujeru a kwamitin gudanarwa, tare da wakilan iyaye da na malamai. Kwamitin ne ke ɗaukar shugaban makaranta kuma shi ke duba kuɗi, ƙarfin da kwamitocinmu na COGES ba su kai ba. Ana gardama kan tsarin a can ma: wasu na cewa makarantun da ke fifita ƴaƴan masu zuwa ibada wajen ɗaukar ɗalibai suna tace ƴaƴan masu hali ne ta bayan gida, har ana samun iyayen da ke fara zuwa majami'a daidai lokacin da yaro ya kusa shiga aji ɗaya. Makarantar sadakar nan ta 1648 da Venn ya faɗaɗa tana cikin irin waɗannan, tana nan kusa da filin, sunanta yanzu makarantar Macaulay.

A jikin bangon majami'ar ta waje, ta kudu, akwai allon dutse da aka sassaƙa sunayen mutanen Clapham, su goma, da Wilberforce da Thornton da Venn da Macaulay da sauransu. Tarkacen bom na yaƙin duniya ya farfasa fuskarsa, aka bar shi haka ba a gyara ba. Sunayen yaran Saliyo ba sa kan allon. Waɗanda aka yi wa baftisma a 1805 suna cikin littafin rajistar yankin, inda limami ya rubuta su.